Ƙamshin Man Shanu a Makon Wahala

In ana zancen azumi a ƙauyensu Mufida, can kusa da garin Naƙada a bakin kogin Nilu, sunanta ake fara kamawa. Maman Wisa kowa ke ce mata. Da zarar babban azumi ya kama, wanda ake yi kafin Idin Tashin Almasihu, sai ta kwashe duk tukunyar da ta taɓa ganin nama ta kife a ƙuryar ɗaki, ta fito da wasu na daban. Barin nama da ƙwai da madara da kifi, wannan kowa na yi. Ita kuwa ko biskit aka miƙo mata, sai ta sa mai shago ya karanta mata rubutun jikin ledar tas, ko an ɗiga madara a ciki. Ruwa ba ya wuce maƙogwaronta sai rana ta karkata. A coci, wurin zamanta na gaba a ɓangaren mata ba mai taɓa shi, ko da ta makara, kuma ba ta makara.

Ba muguwa ba ce. Tana da kyauta, tana da fara'a, in tana saƙar mayafanta a tsakar gida har waƙa take yi. Sai dai tana jin daɗin irin kallon da mata ke yi mata in ta shigo, kuma ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta me ya sa ba.

Mijinta Fahim maƙeri ne, mutum mai tumbi da barkwanci. Shi ma yana azumin, amma da ƙorafi. Kullum aka ajiye masa wake da gurasa sai ya leƙa kwanon ya ce, "A'a, baƙonmu na jiya ne bai tafi ba?" In ya gama, sai ya ɗaga kai ya dubi ɗakin tantabarun da ke kan soro, ya yi ajiyar zuciya. Tantabarun nan Mufida ke kiwo don ranar Idi, ranar da ɗansu Wisa zai zo daga wurin aikinsa a bakin teku, shi da amaryarsa. Sun yi ɓul-ɓul, da ƙyar suke tashi.

Ran Litinin ta Makon Wahala, makon ƙarshe na azumi da ake rataya baƙaƙen ƙyallaye a coci, gardama ta haɗa Mufida da Zakiyya, yayar mijinta, bayan addu'ar safe. Zakiyya ta ce ba laifi a dangwali zumar rake a wannan makon. Mufida ta ce ko kusa, makon ɗaci ne, zaƙi ba shi da wuri.

"A ina aka rubuta?" in ji Zakiyya. "Ko wahayi aka saukar miki a masaƙa?"

"Yaya, ba sai mun ja ba. Zan je in tambayi Malam Bisada, in ya ce ke ce da gaskiya zan sayo miki tulu guda."

Malam Bisada makaho ne, tsoho tukuf. Shi ya ja waƙoƙin coci tun Mufida na yarinya, kuma duk namijin da ya iya rera wani abu a ƙauyen a gabansa ya durƙusa ya koya. Da muryarsa ta fara rawa aka kawo wani saurayi ya gaje shi. An kwana biyu ba a gan shi ba, ana ta cewa ya kulle kansa ne yana ibada, wai ko gurasa ba ya kai wa baki sai rana ta faɗi. Mata na faɗa suna girgiza kai don sha'awa.

Mufida ta yi sallama a ƙofarsa, shiru. Ta tura ta shiga. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar gado, kofin ruwa ya kife a gefensa. Da gani zamowa ya yi daga kan gadon ya kasa komawa.

"Ya Budurwa Maryamu! Baba Malam!"

"Wace ce? 'Yar Tadrus?" Da sunan mahaifinta yake kiranta. "Daina ihu, ba mutuwa na yi ba. Sanyin ƙasa nake sha."

Ta kama shi ta ɗaga. Sai ta ji kamar damin kara ta ɗauka. Ta dube-dube ɗakin: murhu ya yi sanyi har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, ga guntuwar gurasa a faranti ta bushe kamar katanga, ga ƙwayoyin magani a ƙunshe ba a taɓa ba.

Da ƙyar ta ciro zancen daga bakinsa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Likitan asibitin gari ya ce jininsa ya yi ƙasa, sai ya riƙa shan romon nama, maganin kuma kada ya sha sai da abinci a ciki, safe da rana. Limaminsu, Abuna Yustus, da kansa ya ɗauke masa azumi. Amma 'yar ƙanwarsa da ke dafa masa ta yi aure ta bi miji can garin Suwes tun kafin azumi.

"To me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? In faɗa a sa ni a layin masu karɓar buhu a ƙofar coci, yaran da na ja wa kunne su riƙa miƙo mini?" Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Sun ce azumi nake yi. Na bar su. Yabon da na samu a arha ke nan tunda nake."

Mufida ta ɗauke kofin da ya kife. Ita ma da bakinta ta yabi azumin nasa jiya-jiya, a gaban mata.

"'Yar Tadrus, ki yi mini alkawari. Abin da kika gani a ɗakin nan, a ɗakin nan zai tsaya."

"Na yi, Baba."

"Me ma ya kawo ki?"

Ta tuna zumar rake, kunya ta rufe ta. "Ba komai. Gaisuwa ce."

Da ta koma gida ta hau soro, ta daɗe tsaye gaban ɗakin tantabaru. Ta san abin da zai biyo baya. Lungunsu matsattse ne, tagar wannan na kallon tagar wancan, kuma makonni ke nan ba abin da ke tashi a ciki sai ƙamshin wake da albasa. Ta yi tunanin ta dafa masa miyar adas, wani ƙaramin wake da ake ci da azumi, ta ƙara mai. Sai ta tuna nauyin da ta ɗaga ɗazu. Ta zura hannu ta kamo biyu mafiya ƙiba.

Ta janyo tukunyar nama daga ƙurya, ta wanke. Da man shanu ya narke ya haɗu da tafarnuwa, ƙamshi ya tashi ya bi taga ya fita kamar an aike shi. Kafin romo ya tafasa, kyanwowi sun jeru a kan katanga.

Sai ta tsaya da ludayi a hannu. Gishiri. Ba ta taɓa sauke girki ba ta ɗanɗana ba, kuma mutumin da ba ya gani, daɗin bakinsa ne kawai ya rage masa. Ta dubi ludayin, ta dubi hoton Almasihu da ke jikin bango, ta yi alamar gicciye, ta kurɓa. Gishiri bai ji ba. Ta ƙara.

Daidai nan Fahim ya faɗo gidan da gudumarsa a hannu, hanci a sama.

"Maman Wisa! Mutuwa na yi aka kai ni aljanna, ko kalandar ce ta yi tsalle?"

"Ba naka ba ne. Cire hannunka."

"To na wa ne?"

"Na wanda aka dafa wa."

Ya dube ta ya daɗe. Shekarun da suka yi tare sun isa ya san fuskarta. Ya ajiye gudumar, wasan ya fita daga muryarsa. "Wani ne ba lafiya?"

"Na yi alkawari, Baban Wisa."

"Shi ke nan. Amma kin san yayata tana jin ƙamshi daga tsallaken kogi. In ta zo, ki ce ni ne. Kowa ya san ni da cikina, ba wanda zai yi mamaki."

Maganar ta yi mata daɗi har ta kusa amsawa. Sai ta girgiza kai. "In ɗora maka abin da ba ka ci ba? Bari dai."

Ba a jima ba Zakiyya ta iso, ko sallama ba ta gama ba idonta ya faɗa kan gashin tantabara a kwando. Ta tafa hannu, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa! Ke ce ɗazu kike hana ni lasar zuma? Ashe romo ne ke riƙe miki gwiwa kike fin mu sujada!"

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Ki rantse da gicciye bai shiga bakinki ba."

Mufida ba ta rantse ba. Ai ya shiga.

Zakiyya ba ta ko zauna ba. Labari irin wannan ba a barinsa ya huce.

Mufida ta juye romon a kwano, ta naɗe da tsumma, ta sa a ƙarƙashin mayafi, ta zaga ta bayan gonar rake. Cokali-cokali ta ba tsohon. Daga baya ya ƙwace kwanon ya kafa kai. Da ya sauke, ya lashe leɓe ya ce, "Uwarki ta fi ki sa kori."

"To gobe sai ka aika a taso ta daga kabari ta dafa maka."

Ya yi dariya har da hawaye.

Haka aka yi ta yi, safe da rana. Tantabaru na raguwa a soro, magana na ƙaruwa a lungu. Daga Laraba dama an daina gaisawa da hannu da sumba a coci, don tunawa da sumbar da aka ci amanar Almasihu da ita, sai hakan ya zo wa wasu daidai: ba sai sun nemi dalilin kau da kai ba. Ran Alhamis ta tarar wata ta zauna a wurinta na gaba. Ta koma baya, cikin masu goyo da tsofaffi masu gyangyaɗi. Abin ya yi mata zafi, ba ƙarya. Sau da yawa maganar ta zo mata har bakin harshe, kalma biyu kawai za ta faɗa duk su ji kunya, su ninka mata girman da suka ƙwace. Ta lura cewa abin da ranta ke so ke nan, ninkin, sai ta haɗiye.

Duk shekara ita ke kawo furen wardi da ake yayyafa wa hoton Almasihu ran Babbar Juma'a, lokacin da ake kwaikwayon jana'izarsa. Da ta iso da kwandonta da safe, Zakiyya ta tare ta a ƙofa.

"Kawo nan. Hannun da ke ƙarnin man shanu ba zai kai fure gaban bagadi ba."

Mufida ta miƙa mata. "Ki yayyafa musu ruwa, Yaya, kada su yanƙwane."

Ibadar Babbar Juma'a tun safe ake farawa, ba a tashi sai faɗuwar rana, ba ci ba sha, kuma tun tana budurwa ba ta taɓa fita ko na ƙiftawar ido ba. Rana na take tsaka, coci ya cika maƙil, ana tsakiyar waƙar makoki, sai ta miƙe. Lokacin maganin tsoho ya yi. Dole ta ratsa sahun mata kafin ta kai ƙofa, tana jin idanu a bayanta kamar ƙaya. Wata ta yi raɗa yadda za ta ji: "Tukunya na kira."

A waje lungu ya yi tsit, sai lasifikar coci. Ta ɗumama romo, ta haɗa da ɗanyar alkama ƙyafaffiya, ta kai.

Ta tarar da Malam Bisada zaune a bakin gado da kansa, ya karkata kunne wajen taga.

"Ji shi, ji shi," ya ce. "Ya yanke numfashi a tsakiyar kalma. Sau nawa na gaya wa yaron nan! Ke kuma me kike yi a nan yau? Ba can ya kamata ki kasance ba?"

"Buɗe baki, Baba."

Ya ci, ya sha magani. Tana tattara kwano sai ta ji ya fara bin waƙar, a hankali, da tsohuwar muryarsa mai tsaga. Waƙa ce doguwa, mai jan harafi ɗaya har sai mutum ya manta inda aka faro. Mufida ta zauna a kan tabarma. Shekara da shekaru tana jin waƙar nan a sahun gaba, amma kullum rabin hankalinta na kan tsayuwarta, ko bayanta ya miƙe, ko wance ta zauna don gajiya, ko an ga hawayenta. Yau ba mai ganinta. Mutum ɗaya ne a ɗakin, shi ma makaho. Ta saurara kawai. Ta ji ana makokin wani da ya ba da duk abin da yake da shi, mutane na wucewa suna yi masa ba'a. Ta yi kuka mai sauƙi, ba na ɓacin rai ba, ta share da bakin mayafi. Da waƙar ta ƙare ta ji ƙirjinta sakayau kamar ɗakin da aka share aka buɗe tagoginsa.

Ta tashi ta wanke masa kofi, ta kakkaɓe shimfiɗa, ta yanke masa farce, sannan ta koma coci ta tsaya a baya har aka tashi.

Washegari da hantsi tana fitowa daga ɗakin tsohon da kwano a ƙarƙashin mayafi, sai ga Abuna Yustus ya kunno kai, ya zo duba shi. Ba hanyar kaucewa. Ta sunkuya ta sumbaci gicciyen hannunsa.

"Maman Wisa. An kawo mini ƙararki har sau nawa. Wai gidanki na ƙamshi."

"Gaskiya ne, Abuna."

Ya dubi tudun da ke ƙarƙashin mayafinta, ya dubi ƙofar da ta fito, ya daɗe yana shafa gemu. Fuskarsa ta sauya.

"Na ba shi izinin cin nama," ya ce a hankali, "ban tambaye shi ina naman yake ba." Ya ɗago ya dube ta. "Kina so in yi wa matan magana?"

"A'a, Abuna. Ba sirrina ba ne."

"To ki zo ki karɓi jibi, tsarkakakkiyar gurasa, a Idi. Da hannuna zan ba ki." Ya juya zai shiga, sai ya waiwayo. "In akwai saura bayan Idi, ni ma jinina ba shi da yawa."

Wisa da amaryarsa suka iso da yamma. Ran Idi aka baje tabarma, ba tantabara ko ɗaya, sai shinkafa da gurasa a jiƙe da romon ƙashin da Fahim ya samo wurin mahauci. Wisa ya tambayi ina tantabarun da aka yi ta yi masa albishir a waya.

"Sun yi hijira," in ji Fahim, baki cike. "Ci abin da ka gani. Ni yau ko takalmi aka soya da man shanu sai na cinye."

Ran Litinin, washegarin Idi, ranar da kowa ke fita shan iska a bakin kogi da dafaffen ƙwai da kifi mai gishiri da ɗanyar albasa, Fahim ya ɓace da sassafe. Sai ga shi ya dawo riƙe da hannun Malam Bisada, an yi masa aski, an sa masa wankakkiyar riga. Bai tambayi Mufida ba, ita ma ba ta tambaye shi yadda ya gane ba. Ya dai ce, "Malamina ne. Shi ya kore ni daga ajin waƙa, ya ce muryata ta fi dacewa da maƙera. Ya yi mini gata."

Zakiyya na zaune can gefe da jikokinta. Ta ga tsohon da aka ce ya ƙare da azumi yana tafe da ƙafarsa, kumatu sun ɗan ciko. Ta ga ya miƙa hannu ba tare da an gaya masa ba, Mufida ta sa masa ɓararren ƙwai, ya ce, "Yauwa, 'yar Tadrus, yau ba romo?" Zakiyya ta tsaya da albasa a hannu, ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta ajiye albasar.

Ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Bayan 'yan kwanaki dai ta shigo gidan da ƙatuwar agwagwa a hammata, ta dire ta a tsakar gida.

"Ungo. Ta ishe ni da kuka, ba ta bari in runtsa. Ki yi yadda kika ga dama da ita."

"An gode, Yaya."

"Kada ki cika mata wuta, tsofaffi ba su da haƙori." Ta gyara mayafi, ta kama hanya, sai ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba. "Laraba da Asabar ba ni da aiki. In hannu ya yi miki yawa."

Agwagwa ta zabura ta yi cikin maƙera, Fahim ya biyo ta da mafici yana ihu, Mufida ta zauna a bakin masaƙarta tana dariya har cikinta ya ƙulle.